Ya rasu, ni kuma ban bi shi ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan abun, amma duk sanda na ɗau waya na fara sai in goge, yau dai nace bari in daure ko Allah zai sa wata ko wani ya samu sauƙi ta dalilinsa. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda kuma ya gane ni dan Allah ya rufa min asiri.

Ni tun ina ƙarama Allah ya ɗora min son labarin masoyan da suka tsufa tare suka mutu tare, kuma nasan inda abun ya samo asali. Ina da shekara tara kakata ta wajen uba ta rasu, kwana goma sha ɗaya tsakani kakanmu ya bi ta. Fuskokinsu ma ban iya tuna su sosai, abunda ya zauna min a kai shine yadda manya suke ba da labarin, musamman Goggo ƙanwar babanmu. Duk sanda aka taru sai tace ai Baba tunda aka fita da Inna ya juya fuskarsa bango, ko ruwa sai anyi da gaske yake karɓa, har Allah ya ɗauki abunsa. Sai wajen yayi tsit, wasu matan suna share ido, ni kuma ina rakuɓe a gefe tsigar jikina na tashi. A ɗan ƙaramin kaina na yanke cewa toh ma'aunin so kenan, in ɗaya ya tafi ɗayan ba ya daɗewa.

Da na iya karatu sai na faɗa littattafan soyayya, amma ni ba kowanne ke burge ni ba. Shafin ƙarshe nake fara buɗewa, in naga da biki aka tashi sai in ajiye. Wanda nake nema shine wanda za a bi su tun suna samari har furfura, har ƙafa ta fara ciwo, har ɗaya ya kwanta. In na samu irinsa sai in shige bargo da tocila inyi ta kuka, yayata ta yaye bargon tace ke wai wa ya mutu miki ne? Ban iya mata bayani, amma wallahi kukan nan daɗi yake min, in na gama sai inji ƙirjina sakayau kamar an sauke min kaya. Sai da na shiga kwalejin horar da malamai naji ashe wani masani ɗan ƙasar Girka, Aristotle, yayi maganar wannan abun sama da shekara 2,300 da suka wuce, cewa wasan kwaikwayo mai ban tausayi yana tayar wa mai kallo tausayi da tsoro sannan ya wanke masa su. Naji daɗi ranar, nace ashe ba ni kaɗai bace. Har labaran gaske nake tarawa. Wanda nafi maimaita wa ƙawayena shine na wata mata mai suna Ida Straus a jirgin ruwan Titanic a 1912, aka bata waje a ƙaramin jirgin ceto ta ƙi shiga saboda mijinta ba zai shiga ba, sun kai wajen shekara arba'in da aure, tare ruwa ya ci su.

Maigidana shi ko kaɗan ba ruwansa da irin wannan karatun, shi dai labarai a rediyo da ƙwallo. In ya shigo ya tarar idona yayi ja sai yace Malama yau kuma wa aka kashe miki? Shekara ashirin da huɗu mukayi, 'ya'ya huɗu. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda dan ita na zo, zamanmu ba irin na littafi bane. Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Munyi faɗa kan kuɗi, munyi kan dangi, akwai shekarar da in ba gaisuwa da maganar yara ba babu abunda ke haɗa mu, har na taɓa kwashe kayana na bar masa gidan sati uku. Amma mutum ne da bai taɓa cin abinci bai tambaya ko na ci ba, ko muna cikin gaba ne sai ya aiko yaro ya tambaya.

Ciwon suga da hawan jini ya daɗe dasu, kuma irin mazan nan ne da in sun ɗan ji dama sai su watsar da magani. Sai ƙafa ta fara kumbura, ga amai da safe, ga kasala, muka je asibiti akayi gwaje-gwaje likita ya zaunar damu yace ƙodojin duka biyun sun gaza. Aka fara wankin ƙoda. Wanda bai taɓa jinyar mai wannan ciwon ba ba zai gane ba. Sau uku a sati, kowane zama awa huɗu, jininsa na fita ta roba ya shiga inji a tace ya dawo, in hannu yayi ƙasa mu koma sau biyu kuma jikinsa ne ke biyan bashin. Ruwan sha ma aunawa ake, saboda ƙodar ba ta fitar dashi, in yayi yawa ya taru a huhu numfashi ya gagara. Ba gishiri. Ga ƙaiƙayin jiki da ke hana shi barci, ga ɗaurewar jijiyar ƙafa in an cire masa ruwa da yawa. Akayi masa wani ƙaramin aiki a hannun hagu aka haɗa jijiyoyi biyu dan nan za a dinga soka allurar, nas ɗin ta koya min in dinga ɗora yatsa a wajen kullum safe da dare, tace in kinji yana zirrr kamar waya na rawa a aljihu toh lafiya lau, ranar da kikaji shiru ku taho da gudu. Shekara uku da rabi ina ɗora yatsana a wajen nan.

Awa huɗu a kwance ba abun wasa bane, ga rediyon ma ya gundure shi. Wata rana yace Malama gobe ki taho da irin shirmen nan naki ki karanta min. Na ɗauka wasa yake. Haka muka fara, ina zaune a kujerar roba kusa da kansa ina karantawa a hankali, ashe na gadon kusa damu ma saurare suke. Wani dattijo da kwanakinsu suke haɗuwa, babban ɗansa ne ke kawo shi, in mun makara sai yace 'yata yau har na fidda rai.

A wannan ɗakin na fara lura da abunda duk shekarun da nayi ina karatu ni kaɗai ban lura dashi ba. Ni na ɗauka mutuwar ce ke sa kuka. Ashe ba ita bace, ko ince ba ita kaɗai ba. Ranar da dattijon nan yayi hawaye babu wanda ya mutu a labarin, wajen da tsohuwar ta zauna tana yanke wa mijinta farcen ƙafa ne tana masa faɗa wai ya cika motsi. Nan ya juya kansa gefe hawaye na gangara masa cikin kunne tunda hannun ba damar ɗagawa. Daga baya ɗansa yake gaya min mahaifiyarsu ta shekara shida da rasuwa. Kinga shi ba matar cikin littafi yake wa kuka ba, marubucin ya ɗauko masa abunsa ne ya ajiye masa a gaba. Kuma tunda mai karatu yasan inda za a ƙare tun farko, duk wani ƙaramin abu sai yayi nauyi, in ta miƙa masa kofi sai kaji a ranka wata rana za ta miƙa babu mai karɓa. A rayuwa ba haka muke gani ba, shekara hamsin ɗin a hankali take tafiya har baka sanin tana tafiya, mijinki da kike gani kullum baki ganin tsufansa. Littafi kuwa cikin kwana biyu zai nuna maka fuskar yarinya amarya da fuskarta ba haƙori, ka gansu kusa da juna, wannan kaɗai ya isa ya karya zuciya.

Abunda nake yi da ban gaya masa ba, in mun kusa ƙarshe sai in tsallake. In naga mijin ya fara ciwo sai in haɗa nawa ƙarshen da baki, ince ya warke sun koma gida, in rufe. Sau biyu ina sha, na uku ya kama ni. Idonsa a rufe yace Malama kin tsallake. Nace ban tsallake ba. Yace ke da kike kuka tun daga tsakiya yau har ƙarshe muryarki ko rawa batayi ba, kuma naji ƙarar takardu da yawa. Nayi shiru. Yace ke ce kike tsoro, ni mutuwar mutumin bata dame ni ba, so nake inji ita matar ya aka barta. Nace masa gobe. Goben nan ita ce har yau, na saka katin asibiti a wajen na rufe, saura shafi talatin da wani abu, na ɗauko wani littafin daban. Bai ƙara tada maganar ba.

Akwai abubuwan da ban taɓa karantawa a ko wane labari ba, ni na gansu. Babu wanda ya rubuta min warin ɗakin mai jinya, ko yadda mutumin da kike so zai koma mai faɗa da tsawa saboda azaba, ki dafa yace ba daɗi ki kawo wani ya ture. Wata rana na kama shi a banɗaki ya tara hannu a famfo yana shan ruwa a ɓoye kamar ƙaramin yaro, wallahi na daka masa tsawar da har yara suka fito, nace kashe kanka kake son yi ka bar ni da wahala? Ya kalle ni kawai ruwa na ɗiga daga gemunsa, yace ƙishi nake ji. Har gobe in na tuna kallon nan sai cikina ya juya. Akwai kuma daren da bayan na canza zanin gado sau uku na shiga banɗaki na zauna a ƙasa nace ya Allah ka kawo ƙarshen wannan abun. Ban ce ka bashi lafiya ba. Nasan abunda nake nufi, Allah ma ya sani. Na fito na wanke fuska na cigaba da sosa masa baya.

Ranar da zai rasu babu wasiyya babu riƙe hannu babu kalma mai daɗi. Maganarsa ta ƙarshe dani ita ce, gyara min filon nan. Na gyara, na kwanta a gefensa barci ya ɗauke ni saboda na kwana biyu ban runtsa ba. Can kafin asuba na farka, hannuna da kansa ya tafi wajen jijiyar kamar yadda ya saba, naji shiru. Na danna, na matsa sama na matsa ƙasa, shiru. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kwance a gefensa ya tafi ban sani ba.

Toh anan ne ainihin abunda yasa nake wannan rubutun ya fara.

Ni da nake kuka akan mutanen da babu su, mijina ya rasu ko ɗigon hawaye banyi ba. Idona ƙamas. Gida ya cika da masu gaisuwa ana ta yaba min wai baiwar Allah nan akwai tawakkali, ni kuma nasan ba tawakkali bane, wani abu ne ya toshe kamar dutse a ƙirjina. Kuma a ɓoye lissafi nake. Kwana ɗaya, biyu, biyar. Ban gaya wa kowa ba amma jiran kwana na goma sha ɗaya nake. Ba wai zan yi wa kaina wani abu ba, Allah ya kiyaye, kawai na sakankance cewa zai zo da kansa kamar yadda ya zo wa kakana. Har bashin da ake bina na rubuta a takarda na saka ƙarƙashin filo. Kwana sha ɗaya ya zo ya wuce, na tashi da safe garau, har da yunwa. Yunwar nan ta fi komai bani kunya. Ina cin abinci ina ce wa kaina ke ashe ƙarya kike, shekara ashirin da huɗu ashe ba sonsa kike ba, ai gashi kin roƙi a ɗauke shi an ɗauke kin samu lafiya.

Dare kuma ba barci sai latse-latsen waya, kuma abu ɗaya nake nema, labarin waɗanda suka bi mazajensu. Anan naci karo da ciwon da ake ce wa karyewar zuciya. Wata uku da rasuwarsa wani dare ƙirjina ya riƙe, numfashi sama-sama, gumi, babban ɗana ya kwashe ni sai asibiti. A mota yana ta Umma ki daure Umma ki daure, ni kuma Allah ya yafe min wani irin sanyi naji a raina, nace toh gashi ya zo, ya dai makara ne. Akayi gwajin bugun zuciya, aka ɗebi jini, washegari akayi hoton zuciyar, likitan ya zo da fara'arsa yace Hajiya zuciyarki ƙalau take, damuwa ce da rashin barci sai gyambon ciki da ya taso. Nace likita ba ciwon nan bane da ke kama wanda aka yi wa mutuwa? Ya ja kujera ya zauna. Yace akwai shi da gaske, likitocin Japan ne suka fara bayyana shi a 1990 suka sa masa suna takotsubo, sunan wata tukunya ce da masuntansu ke kama wata halittar teku mai hannuwa takwas da ita, saboda ɓangaren hagu na zuciyar da ke tura jini yana saki ya kumbura ta ƙasa ya ɗauki siffar tukunyar. Yace tashin hankali mai tsanani ne ke jawo shi, yafi kama mata musamman waɗanda suka daina al'ada, kuma mafi yawansu warkewa suke cikin 'yan makonni. Amma ke baki dashi. Ban san me ya gani a fuskata ba, ya daɗe yana kallona sannan yace Hajiya, so kike ace shi ne? Na kasa amsawa. Ya rubuta min takarda zuwa wajen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, na ninke na saka a jaka sai da tayi wata biyu a ciki.

Abunda ya fasa dutsen nan ba zaku yarda ba. Watan Afrilun 2021, wata biyar da rasuwarsa, akayi jana'izar Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila, lokacin dokar korona mutum talatin kawai aka bari suka shiga. Hoton nan ya zagaya ko'ina, tsohuwa cikin baƙaƙen kaya da takunkumi a fuska, zaune ita kaɗai a dogon benci babu kowa kusa da ita, bayan shekara 73 da aure. Ina zaune a falo ina kallo a waya kawai naji wani sauti ya fito daga bakina wanda ban san ina dashi ba. Nayi kuka har na shiɗe, autata ta rungume ni tana Umma menene Umma menene, na kasa cewa komai sai nuna mata wayar nake. Matar da ban sani ba bata san ni ba, babu abunda ya haɗa rayuwata da tata. Nawa ciwon ya yi min kusa da yawa, kamar ka manna takarda a ido kace zaka karanta, sai da na ganshi a jikin wata daga nesa sannan na iya kallonsa. Sai na tuna dattijon nan da farcen ƙafa.

Satin nan na ciro takardar na je. Matar da na gani bata yi min wa'azi ba, tambaya kawai take ina magana, ita ce mutum ta farko da na gaya wa addu'ar banɗakin nan. Tace min masu doguwar jinya da yawa sun taɓa jin haka, gajiya ce da ganin wahalar wanda kake so. Na yi wata huɗu ina zuwa. Dan Allah duk wanda aka yi wa rashi yaga watanni na tafiya abun ba ya sassautawa, ba barci ba aiki ba sha'awar komai, kar ya tsaya jin kunya, yanzu har Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka baƙin cikin rashi da ya zarce wata shida yana hana mutum rayuwarsa cikin jerin lalurorin da ake dubawa. Ni na ɓata wata biyu saboda kar ace na haukace.

Cikin latse-latsen daren nan akwai wani bincike da na karanta tun farko na riƙe shi a matsayin hujja a kaina. A Birtaniya akayi shi aka buga a 1969, wani likita Colin Murray Parkes da abokan aikinsa suka bi maza 4,486 'yan shekara 55 zuwa sama da matansu suka rasu, 213 daga ciki suka mutu cikin wata shidan farko, wanda ya ɗara na sa'anninsu masu mata da kashi 40 cikin ɗari, kuma ciwon zuciya ne kan gaba. Da farko 213 ɗin nan kaɗai nake gani. Wata rana na sake buɗewa na ɗau biro na cire, ya bani 4,273. Na zauna ina kallon lambar. Duk waɗannan sun wuce wata shidan da ransu, kenan dukkansu basu so matansu ba? Su dai babu mai ba da labarinsu ne a taro, tunda me za a ce, matarsa ta rasu ya cigaba da zuwa aiki? Ko ita Sarauniyar da ta rasu a watan Satumban 2022 sai da naga mutane na ta cewa ta bi mijinta, tsohuwa mai shekara 96, bayan wata goma sha bakwai. Mu ne ke ɗinke labarin da kanmu saboda zuciya bata son a bar wani shi kaɗai. Har sarkin nan na Indiya Shah Jahan da ya gina Taj Mahal saboda matarsa Mumtaz, ita ta rasu a 1631 shi sai 1666, shekara 35 yayi a bayanta.

Goggo ta tsufa sosai yanzu, na je gaishe ta na samu mun keɓe nace Goggo dan Allah bani labarin Baba da Inna. Ta fara kamar yadda ta saba, nace a'a, kafin nan, lafiyarsa ƙalau? Tace wace lafiya, ai ya fi shekara biyu yana fama da tari da kumburi, kowa shi yake jira ita kuma tata ta zo farat ɗaya, ita ke bashi magani ita ke lallashinsa ya ci abinci, da ta tafi ya ƙi karɓa a hannun kowa. Nace suna faɗa? Tayi dariya har da tari, tace 'yar nan ai maƙwabta sun gaji da rabon su. Sai ta kama hannuna tace me yasa kike tambaya? Na gaya mata komai, har kwana sha ɗayan. Ta daɗe bata ce komai ba, sannan tace da nasan akwai yarinya a gefe tana ɗaukar maganata haka da na ƙara da cewa ni nawa mijin yau shekara talatin da rasuwa kuma har yanzu ɓangarensa na gado ban iya kwanciya.

Kuma abun da ya fi bani mamaki da kaina, labarin da ya fi kowanne na san shi tun ina yarinya amma ban taɓa kallonsa ta nan ba. Manzon Allah (SAW) da Nana Khadija, shekara 25 suna tare, shekarar da ta rasu har suna aka sa mata, shekarar baƙin ciki. Amma ya rayu kusan shekara goma sha uku a bayanta, yayi hijira, yayi aure, ya ɗauki nauyin al'umma. Kuma in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta, 'yar uwarta Hala ta zo neman izinin shiga yaji irin sallamar Khadija ya motsu, bayan Badar 'yarsa Zainab ta aiko da sarƙar mahaifiyarta dan fansar mijinta yana ganin sarƙar tausayi ya kama shi sosai. Har Nana A'isha tace bata yi kishin wata mace kamar yadda tayi kishin Khadija ba alhali bata taɓa zama da ita ba.

Littafin nan mai katin asibiti sai da ya shekara biyu a ƙasan akwati. Ranar da na ciro shi yara basa nan, na shiga ɗakinsa na ja kujera kusa da gado inda na saba zama, na buɗe na fara karantawa da ƙarfi kamar yana nan. Mijin ya mutu, da kalamai masu daɗi, kansa a cinyarta, duk abunda ni ban samu ba. Na daure na cigaba tunda ba wannan ya tambaya ba. Shafi tara bayan nan marubucin ya kashe matar, wai an zo tashinta da safe aka tarar ta cika tana murmushi, kwana bakwai tsakani. Da a ce da ne da nan zan fi jin daɗin kukan. Ranar nayi kukan amma raina a ɓace, na rufe littafin nace Abban yara kar ka yarda dashi, ba haka ake barin ta ba, bari ni in gaya maka. Na zauna na bashi labari tun daga kwana sha ɗaya, da yunwar, da likitan da ya gane ni, na gaya masa babban ya gama karatu ya samu aiki, ta biyun ta haihu namiji kuma goshinsa ne sak, na koma aji ina koyarwa, famfon banɗakin nan an canza shi saboda na kasa kallonsa. Na roƙe shi gafarar tsawar nan. Har magariba ina magana.

Yanzu ana neman shekara biyar. Ban daina karanta irin labaran nan ba kuma ban daina kuka ba, in naga hoton tsofaffi biyu riƙe da hannu a Facebook sai na tsaya, lokacin da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya rasu a ƙarshen 2024 shekara guda da 'yan makonni bayan matarsa da suka yi shekara 77 tare sai da nayi hawaye na. Sai dai na daina leƙa shafin ƙarshe, kuma yanzu idona yafi zuwa kan wanda aka bari, in marubuci ya gaggauta kashe shi sai inji kamar bai taɓa jinya bane. Wani lokacin cikin dare har yanzu hannuna na tafiya ɓangarensa yana neman jijiyar.

Watan da ya wuce autata ta ga littafin a kan gado ta ɗauka tana juyawa, tace Umma wannan ne kike karanta wa Abba? Nace shi ne. Tace ƙarshen da daɗi? Nace je ki karanta, in kin gama kar ki ajiye ki zo ki same ni akwai sauran da ba a rubuta ba. Katin asibitin na cire na riƙe. Jiya na wuce ta ƙofar ɗakinta da dare naga hasken waya ta ƙarƙashin bargo, ina jin tana jan hanci, ban shiga ba.